Zanen Hajiya Laren

Duk wanda ya shiga kasuwar Mont-Bouët bai gaida Hajiya Ramatou ba, to ya yi asarar kuɗin taksi. Mace ce da Allah ya yi wa baiwa: atamfa har rufin shago, haƙoran Makka biyu, ga muryar da ke tsayar da ciniki a layin gaba. Tawali'u kuwa, ita da bakinta ta sha faɗa cewa babu wanda ya kamo ƙafarta.

Wata Lahadi ta kalli wani shiri a talabijin kan wata sarauniyar Turai ta zamanin da. Yarinyar 'yar attajiran kasuwa ce, ta tashi marainiya, dangi suka shirya aurenta da ɗan sarki, ango bai san ta ba sai a zanen da aka aika masa. Hajiya ta dafe ƙirji. 'Yar 'yan kasuwa? Ai ita ce. Marainiya? Ita ma bara tsohonta ya rasu, bayan ya ga tattaɓa-kunne. Washegari ta sa aka ɗora kujerarta a kan katako. Maƙwabta suka laƙaba mata Laren, wato sarauniya da Faransanci, ta karɓi sunan hannu bibbiyu.

Saura ɗan sarki, shi ma Allah ya kawo. Alhaji Nafiou, mai manyan motocin kaya a garin Oyem, matarsa ta rasu, yana neman bazawara mai natsuwa. Hajiya ta daɗe tana zawarci, kuma a ranta tana son auren nan fiye da yadda za ta yarda a gaban mutane. Yayanta Ɗanlaraba ya shiga tsakani, ya dawo ya ce Alhaji na son a tura masa hoto ta waya.

"Hoton waya? Ni? Haba Yaya, wannan ai na masu gasa ayaba a bakin titi ne. Mu sarauniyoyi zana mu ake yi. Daga yau kai ne ambasada."

Aka nemo Zakiru a unguwar Lalala, gwanin zana kawuna a allon masu aski. Ya ce sai ta zo ta zauna a gabansa. Hajiya ta ce sarauniya ba ta barin shago ta zauna kamar buhun gari. Sai ta tura Kaltoumi, 'yar kawunta, ita ma bazawara, wadda ke taya ta naɗe atamfa. Ta sa mata leshinta da sarƙoƙinta. Jiki a ɗauka daga Kaltoumi, fuska daga hoton fasfo ɗin Hajiya.

Da aka kawo zanen farko, saura ƙiris Hajiya ta faɗo daga kan katako.

"Wannan haɓa biyun na waye? Cire ɗaya! Hancin nan ka ja shi. Ina wuyana? Ka san da wa kake magana kuwa?"

Zakiru bawan Allah bai iya zana abin da ba ya gani ba. Duk gyaran da aka ce ya yi, sai ya ɗaga ido ya ɗauko daga fuskar da ke zaune a gabansa. Yau haɓa, gobe hanci, jibi wuya, har da wushirya kyauta. Ranar da ya gama, Hajiya ta yi ƙwallar daɗi.

"Wallahi kamar madubi!" in ji ta. Kaltoumi ta toshe baki da mayafi.

Ambasada ya naɗe zanen a bargo, ya kama masa kujera guda a mota, suka tafi Oyem. An ce Alhaji ya yi ta kallonsa har shayinsa ya huce. Ya aiko cewa yana nan tafe ranar Juma'a.

Ran nan gidan Hajiya a unguwar Nzeng-Ayong ya sha jan kafet da turaren wuta. Ta hakimce a kujera, ta sa Kaltoumi ta tsaya a bayanta da mafici, kamar yadda ta gani a talabijin. Alhaji ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zo har gabanta ya durƙusa. Hajiya ta ji kanta ya taɓo silin. Ga ɗan sarki a ƙasa!

"Inna, barka da gida," in ji Alhaji cikin ladabi. "Allah ya saka miki da wannan tarbiyya. Na ga zane, yanzu ga ta na gani da idona, mai fentin bai ƙara komai ba. Na zo ne ki ba ni ɗiyarki."

Mafici ya tsaya. Ambasada ya shiga duba agogon da ba ya hannunsa. Da aka tambayi Kaltoumi, ta sunkuyar da kai, amma wushiryar nan ta riga ta ba da amsa.

An ɗaura aure, amarya ta tafi Oyem a gaban mota. Har yau Hajiya na gaya wa masu ciniki cewa uwar sarauniya ta fi sarauniya daraja. Sai dai an sauke kujerar daga kan katako, atamfa kuwa yanzu da kanta take naɗewa.