Rasuwar Kaset Ɗin da Inna Ke Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya ƙi haɗiyuwa, Auta, mai aikin tace bidiyo, tana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar ƙaramin kaset ɗin nan mai jan murfi. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a shagon ɗaukar hoto na kawunta, yana da shekara ashirin da biyu.

Marigayin ya yi zamansa cikin tsohuwar safa a aljihun teburi, bai taɓa harɗewa ba. In an saka shi a na'ura sai ya ce ƙirrr, ƙwas, sai ga Inna mai rasuwa a gaban allo, alli a hannu, tana koyar da lissafi. Duk duniya babu inda ta saura tana motsi sai a cikinsa.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Kamar tsararrakinsa, marigayin yana ajiye kowane hoto kashi biyu: layukan farko, sai bayan ƙiftawar ido layukan da ke tsakaninsu. Tsohuwar talabijin ta san yadda ake saƙa su. Kwamfuta kuwa sai an umarce ta ta haɗe su kafin a faɗaɗa hoton, kuma wuri ɗaya tak ake dannawa. Sau uku Auta tana faɗa wa Kawu haka, ta roƙe shi ya jira ta taso daga aiki. Ya ce tun ba a haife ta ba yake juyar kaset, ba yarinyar da boko ya kumbura wa kai za ta koya masa ba. Ya juye shi a kwamfuta bai danna wurin ba, ya ja hoton ya cika faffaɗan allonta, ya leƙa 'yar tagar gwaji inda aibu ba ya nunawa, ya ce ya yi. Sannan, bisa dokar shagonsa cewa kaset ba ya zaman banza, ya gwada wata kyamarar gyara da shi, sabon ɗauka ya shafe na Inna. Yanzu fankar shago ce a ciki, awa guda tana juyawa, tas da ita.

Ya rasu ya bar fayil guda a kwamfuta, nakasasshe. Allon aji ya fito, teburi ya fito, duk abin da ba ya motsi lafiyarsa ƙalau. Amma Inna ba mai tsayawa wuri ɗaya ba ce. Da ta ɗaga hannu sai yatsun su tsage kamar haƙoran mataji. Da ta juyo tana dariya sai fuskar ta yayyanke. Kwana uku Auta na neman magani, amma layukan sun riga sun cakuɗe, gyara ba ya shiga. Ya kuma bar dangi masu cewa a yi haƙuri, Kawu babba ne, ba a nuna masa kuskure.

"Ai ana gane ta," in ji Kawu.

Wannan maganar ce ta kashe marigayin, kuma da ita ake kashe dubunsa kullum a hannun masu ganin daɗewa a sana'a ta ɗauke musu tambaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a falon gida, inda za a mayar da shi cikin safarsa. Mai zuwa ta'aziyya ya bar "ai ana gane ta" a bakin ƙofa tare da takalminsa. Kafin a rufe aljihun teburin, za a haska daƙiƙa huɗun da suka tsira, inda Inna ta tsaya cak tana hararar wanda aka yi wa bayani bai saurara ba. An ware wa Kawu kujerar gaba.