Saniyar Watandar Malam Tanimu

Wani mutum ne a unguwarmu, Malam Tanimu. In ana maganar nama, to kowa ya kama bakinsa, mai abu ya zo. Cewa yake yi da ya ɗora tsoka a harshe zai faɗa maka abin da saniyar ta ci tun tana maraƙa. Ko tsire ka saya, sai ya ɗauki yanka guda, ya lumshe ido, ya girgiza kai.

"Kash! An cuce ka. Wannan na turke ne, dusa zalla. Ƙara min ɗaya in tabbatar."

Kafin ya gama tabbatarwa, takarda ce kawai a hannunka.

Duk jajibirin sallah mukan yi watanda, wato mu haɗa kuɗi mu sayi saniya, a yanka, a kasa nama kashi-kashi. Wanda ya zaɓo saniyar shi ke da kai da ƙafafu. Shekara bakwai Tanimu na cin wannan garaɓasar, har gidansa sun manta ana sayen ganda a kasuwa.

Bana sai Baba Maikano, dattijon da ke shugabantar watandar, ya kawo shawara. Ya ce ga wani sa can maƙwabcinsa ya turke, wata shida yana cin dusa da ƙowa, ya yi ɓul-ɓul, me zai hana a saye shi a huta? Tanimu ya ji kai da ƙafafu na shirin suɓuce masa, ya yi zumbur ya miƙe.

"Haba Baba! Sa na turke? Kitse ne fari fat, ba ɗanɗano, kamar ka tauna katifa. Nama ai na saniyar daji ne, wadda ta yi tafiya, ta ci ciyawar harkiya da burugu, ta sha ruwan rafi. Ku bar ni in shiga ruga da kaina."

Muka ba shi kuɗin saniya, har da na mota. Ashe gogan ko kwalta bai tsallaka ba. Gidan abokinsa ya je a bayan tasha ya miƙe ƙafa kwana biyu, ya sayi wata saniya mai araha a wajen dillali, ragowar kuɗin ta ji ɗumin aljihu. Rana ta uku ya shafa ƙura a ƙafa, ya jawo ta yana ɗingishi.

"Wayyo ƙafata! Rafi uku na haye. Da ƙyar Bafulatanin ya sake ta, har da hawayensa."

Saniyar dai ga ta nan, ƙashi a waje, ciki kamar randa. Baba Maikano ya ce, "Anya Tanimu? Wannan cikin fa?"

"Ciyawa ce, Baba! Albarkar fadama kenan."

Da safe Sallau mahauci ya kayar da ita a ƙofar gidan Baba, unguwa ta taru, kowa da kwanonsa. Tun ba a gama fiɗa ba Tanimu ya sa aka gasa masa hanta. Ya jefa a baki. Ya lumshe ido.

"Uhmm! Harkiya ce wannan." Ya ƙara tauna. "Ga burugu nan ya biyo baya. Kai, har ƙanshin ruwan rafin nake ji. Ku dai ku gode Allah da ya ba ku ni."

Wallahi har na fara jin kunyar zargin da na yi masa a raina.

Sai Sallau ya jawo tumbi zai wanke. Ya sa wuƙa, ƙiiii, wuƙa ta ƙi shiga. Ya danna da ƙarfi. Fuuu! Ya zura hannu ya fara jawowa. Baƙar leda. Ledar fiya wata. Igiyar buhu. Soson wanka. Rabin silifa. Yana ja suna fitowa, yana ja suna fitowa, har suka yi tsibi ya kai gwiwa.

Tanimu ya ce, "To ai... iska kan kai leda daji."

Sallau ya zaro wata leda, ya ɗauraye, ya ɗaga ta sama. Ga rubutu raɗau: Burodin Ɗan Ladi, Bayan Tasha.

"Malam Tanimu, ashe a rugar ma burodin garinmu suke ci?"

Wuri ya kece da dariya, har da masu faɗuwa. Baba Maikano ya share hawaye ya ce kai da ƙafafu a sassara a zuba cikin kashin jama'a, zaɓen saniya kuma Tanimu ya yi na ƙarshe.

Tanimu ya miƙa kwanonsa, murya ƙasa-ƙasa. "To ladan wahalata fa?"

Sallau ya cika hannu biyu da ledar nan, ya danna masa a kwano, tim.

"Ga harkiyarka da burugunka. Kai ka san daɗinsu, a ci lafiya."