Kalma Ɗaya a Bikin 'Yar Malama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Turancina ya kai ni ya baro ba. Lokacin ina zuwa ajin yamma a Tarauni, inda Malama Rifkatu, 'yar Kudancin Kaduna, ke koya wa ma'aikata irina yadda ake tsara sakin layi da ɗinke zance da zance. Ni ne zakaran ajin (ni na naɗa kaina, ba kuma wanda ya musa). Kalmomin haɗa zance kuwa barbaɗa su nake kamar yaji a tsire.

Malama ta sha ce mini, "Malam, a yi hattara. In ka ce 'however', mai sauraro akasin abin da ka faɗa yake jira." Sai in gyaɗa kai irin na wanda ya wuce nan.

Da ta tashi aurar da 'yarta a Gyaɗi-Gyaɗi, 'yan aji suka ce ni zan yi jawabi a madadinsu. Dangin ango daga Jos suka zo, aka ce da Turanci za a yi. Ko takarda ban riƙe ba.

Na fara lafiya lau, gabatarwa sannan hujjoji: amarya mai ladabi ce, mai ilimi, 'yar gidan mutunci. Aka ɗau tafi, kaina ya ƙara girma. Niyyata in ce "bugu da ƙari", sai bakina ya saki "However..."

Wuri ya yi tsit. Uwar ango ta ajiye cokali. Ango ya juya yana kallon amarya. Kowa ya kasa kunne ya ji aibin da na sani, alhali ban san ko ɗaya ba. Maimakon in janye, sai na ce lallai in ƙarasa jimlar bisa ƙa'ida. Na nuna ango, na ce amma duk da haka ta amince ta auri wannan bawan Allah.

Malama ta rufe fuska da mayafi. Kawun ango ya miƙe, cikin Hausa tsantsa ya ce, "Malam, mun gode da ka nuna mana matsayinmu." Sannan dariya ta ɓarke. Ko shinkafar ban tsaya ci ba, na tari ɗan sahu.

Yanzu in zan yabi mutum, sai in yaba, in sa aya, in nemi kujera.