Ƙararrawa Biyu a Zauren Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida iyayen Hadiza, yarinyar da nake nema, a Rogo ba, ko da kuwa zan manta sunana.

A lokacin ina buga tafireta a wani ofis a Karaye (sunansa ba zai amfane ku ba). Shugabanmu yana da wata ƙararrawa a kan teburinsa, irin wadda ake bugawa da tafin hannu. Bugu ɗaya na masinja ne, biyu nawa, uku na akawu. In ya buga, sai ka cire takalmi a ƙofa, ka shiga da gudu, ka ce, "Ga ni, ranka ya daɗe." In ka yi jinkiri ko na haɗiye loma ne, zai zage ka a gaban kowa, ya bi ka da takardar tuhuma. Wani lokacin ba abin da yake so, gwada mu kawai yake yi. Akawunmu, dattijo mai jikoki, ya daina cin abincin rana don kada a kira shi da tuwo a hannu. Mun daina hira da juna, kowa kunnensa na ƙofar Oga.

Amma ranar Asabar ɗin nan duk na manta da wannan. Baffan Hadiza, Alhaji Ado, wanda shi ne zai ba da aurenta, ya ce yana son ya gan ni kafin manya su shiga maganar. Murna ta hana ni karyawa. Na ari babbar rigar yayana, na sha turare har direban motar ya buɗe taga. Abokina Sabi'u ya raka ni, yana ta ja mini kunne: "Ka sunkuyar da kai, ka rage surutu, kada ka motsa sai an sallame mu."

Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura a ƙwarya. Muka durƙusa muka gaisa, aka tambayi gida da gona da mutanen Karaye. Sai Alhaji ya ce, "To, ɗana, yaya aikin? Ana dai mutunta ku?"

Nan fa bakina ya kuɓuce. Na ce, "Ai Baba, Oga ba ya yanke komai sai ya nemi shawarata." (Sabi'u ya mintsine ni, ban kula ba.)

Ban rufe baki ba sai ƙararrawa ta kaɗa a ƙofar gida. Sau biyu.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Ƙafata ta dama ta faɗa cikin ƙwaryar, fura ta fantsama a rigar Alhaji, na tsallake Sabi'u na yi waje ba takalmi, ina faɗin, "Ga ni, ranka ya daɗe!" Na tsaya ƙyam, hannuwa a baya, a gaban wani mai sayar da kananzir a kan keke.

Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Malam, kwalba nawa za a zuba?"

Daga bayan katanga na ji dariyar mata, kuma na gane muryar Hadiza a ciki. Na komo zaure ina barin sawun fura a ƙasa, na tabbata auren nan ya tafi.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya goge rigarsa a hankali ya ce, "Zauna. Yanzu faɗa mini gaskiyar aikin nan."

Na faɗa masa duka, har da akawunmu da abincin ranarsa. Da na gama, sai ya ce, "Wanda ya mayar da ku haka bai kyauta ba. Ƙaryar da ka yi mini na yafe. Amma abin da ake yi maka da rana, kada ka kawo wa 'yata shi da yamma. Ka turo manyanka."

Shekara ashirin da wani abu muka yi da Hadiza, ba ta bar ni na huta da zancen ba. In abinci ya sauka, sai ta buga cokali a jikin kofi sau biyu, ni kuma in amsa daga tsakar gida, "Ga ni, ranki ya daɗe." Bara ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Yanzu 'yarmu ce ke kawo abincin, kuma sallama take yi.

Da aka ba ni riƙon wani ofis daga baya, na tarar da ƙararrawa a kan teburin. Na jefa ta a durowa. In ina son mutum, sai in taka in same shi. Na riga na koya cewa tsoron da aka ɗura wa ma'aikaci ba ya tsayawa a ofis, har zauren surukai yake raka shi. Kuma in za ka yi ƙaryar girma, ka fara leƙa waje ka tabbata mai kananzir ya riga ya wuce.