Ranar da Motar Gawa Ta Ƙi Tashi

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata cikin damina ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Motar gawa ta unguwarmu tsohuwar bas ce mai shan gas, kuma ta daɗe tana gardamar tashi da safe. A murɗa makulli, ta tofar da farin hayaƙi, ta yi shiru. Dattawan masallaci suka ce a kai wa Baba Lasisi na unguwar Mokola, wanda ya tsufa a kan injin gas. Malam Ilu, wanda a gabansa na sauke Alƙur'ani, ya hana. Ya ce, "Ga ɗanmu bakanike a nan unguwar Sabo, don me za a tsallake shi?" (Ni kuwa gyaran motar fetur na koya, amma yabo ya riga ya hau mini kai.)

Na ce matsalar hita ce, kuma na canka daidai. Fulogai ne huɗu masu ɗumama injin kafin ya kama. Na kunce su, na ɗana wa batir ɗaya bayan ɗaya, biyu suka ƙi yin ja. Na sa sababbi. Da azahar, rana na dukan ƙarfe, na murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya. Na wuni ina karɓar sannu da aiki ina hura hanci.

Bayan kwana huɗu Malam Ilu ya rasu. Aka sallace shi da sassafe ana yayyafi, aka sa makara a mota. Direba ya murɗa, farin hayaƙi. Ya sake, ya sake, har batir ya mutu. Jama'a cike da layi, ba wanda ya dube ni, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Babban ɗan marigayin ya matso ya ce mini a hankali, "Yaya, Malam fa yana jira."

Baba Lasisi, da ya zo jana'iza, ya buɗe gaban motar, ya ɗago wata waya tana lilo. "Ah-ah! Hita sabo, waya babu haɗa! Na afternoon you test am, abi?" Wato tambayata yake ko da rana na gwada ta. Ashe injin gas in ya ji zafi, ko babu hita tashi yake. Na so ƙasa ta tsage in shige.

A motar wani mai albasa daga kasuwar Shasha aka kai Malam makwancinsa. Na yi kuka a hanya, ban san nawa ne na rashi ba, nawa ne na kunya.

Yanzu da asuba nake gwada injin gas. Na kuma koyi furta "ban iya ba", sai dai wanda ya kamata in fara gaya wa ya riga ya tafi.