Huɗu Cikin Goma

"Barka da farkawa, Pépère. An yi barci lafiya?"

"Lafiya lau. Ba don kin yi ta jan hanci a kunnena ba, da na fi haka ƙoshi."

Maryse ta ja kujera ta zauna, ta ajiye makullin mota kusa da kwalbar gishiri. Teburinsu ne na bakin taga, a ɗan gidan abincin da ke kallon tashar jiragen masunta. Tun tana 'yar shekara biyar, duk Lahadin farkon wata kakanta Aurèle, wanda take kira Pépère, yake kai ta kallon katun a silimar garin. In sun fito su zauna nan, a kawo soyayyen kifi da dankali, kowa ya kare tikitinsa da hannu ya rubuta maki a baya, sannan ya faɗa da baki. Tsohon ya haɗa tikitin biyu ya sa a aljihu. Shekara goma sha tara, bai taɓa ba wani fim sama da huɗu cikin goma ba.

Yanzu ita ke tuƙa shi. Jibi Talata kuma za ta hau jirgi zuwa Vancouver, inda wani kamfanin yin katun ya ɗauke ta aikin zane. Tun safe babu wanda ya ambaci Talata.

"To, alƙali, nawa ka ba akuyarmu?"

"Uku."

"Uku! Akuyar da ta ɓuya a jirgin masunta, ta ƙetare teku neman uwarta? Rabin silimar kuka suke yi."

"Rabin silimar 'yan shekara shida ne. Ke kaɗai ce gandamemiyar da ke taya su."

"Mene ne laifin fim ɗin?"

"Muryar kyaftin. Wannan bai taɓa shaƙar iskar teku ba. Muryar mai tallan katifa ce."

"Sai kuma?"

"Injin jirgin. Dizal ba ya kuka haka. Keken ɗinki suka ɗauka."

"Sai kuma?"

"Waƙar ƙarshe. Kamar an taka wutsiyar kyanwa."

"Kai ne za ka yi maganar waƙa? Mémère takan ce in ka buɗe baki a coci, har waliyyan da aka zana a jikin taga sai sun juya baya."

"Kar ki kafa mini hujja da kakarki. Matar da ta duba samarin garin nan kaf ta zaɓe ni, wane kunne gare ta?"

"Na watan jiya fa, na ɓerayen nan masu gidan burodi?"

"Biyu. Surutu."

"Na kafin shi?"

"Ihu zalla."

Ta ɗauki dankali ɗaya, ta mayar. Aurèle ya yi shekara arba'in yana kamun lobsta, 'yar uwar ƙaguwa ta teku, kuma babu abin da ke masa daɗi a duniya kamar ya kama masu zane sun yi wa teku ƙarya. Tana 'yar takwas ya taɓa miƙewa tsaye a tsakiyar silima yana faɗa wa allo cewa ba a jefa anga jirgi na gudu, sai da mai tocila ya zo ya zaunar da shi. Don ta rufe masa baki ta fara koyon zana igiyar jirgi da ƙullinta daidai a bayan littafin makaranta. Daga igiyar nan aka kai ga Vancouver.

"Ƙullin fa?" ta ce.

"Wane ƙulli?"

"Da suka iso tasha, kyaftin ya ɗaure jirgi."

"Oho, wannan. Ba laifi. Nan dai sun yi ƙoƙari."

"Pépère, ƙullin igiyar takalmi ya yi. Mai kunnuwa biyu. Ya cika allon tun daga sama har ƙasa. Na riƙe numfashi ina jiran ka tashi ka kunyata ni."

Tsohon ya miƙa hannu zai ɗauki gishiri, yatsunsa suka sauka kan makullin mota. Ya janye su a hankali.

"Barci nake yi. Ke ma kin faɗa."

"Ba ka runtsa ba. Kai da ake jin minsharinka daga bakin titi? Na miƙo maka barcin ne ɗazu in ga ko za ka karɓa, ka kuwa karɓe da hannu biyu. Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Tun yaushe ka daina gani?"

"Ina gani sarai. Ga ki nan, mummuna kamar kullum."

"Wace irin riga na sa?"

"Mara kyau."

Ya jira dariyarta, ba ta zo ba. Ya juya fuska wajen taga, inda jiragen suke rangaji a ɗaure.

"Tun bayan bikin Ista," ya ce. "Tsakiyar ce ta tafi, gefe-gefen yana nan. Duk abin da na kalla, shi ne ba na gani. Likitan Moncton ya ce ba ya dawowa."

"Shi ya sa ka ba ni makullin mota, wai gwiwa."

"Gwiwar ma tana ciwo. Ban yi ƙarya ba, zaɓe na yi."

"Mama ta sani?"

"Ta sani. Na ce in ta faɗa miki kafin Laraba, zan kwaso kayana in koma gidanta da zama. Ba ta ko yi tari ba."

"To, ba zan tafi ba."

"Ji sakarci."

"Yau zan rubuta musu."

"Ki zauna ki yi me? Ki riƙa jana a titi kamar tsohon kare? Ai girkinki zai ƙarasa ni kafin idon."

"Kai da ke soya ƙwai har ya koma tayar mota?"

"Tayar da kika girma a kanta. Saurara, 'yar banza. Shekara goma sha tara ina zama cikin duhu ina haƙuri da mutanen da ba su san ƙulli ba. Na reni mutum ɗaya tak da ta sani, ita ce za ta ce mini za ta zauna cire mini ƙayar kifi? Ki je ki gyara musu igiya."

"Ko na gyara ba za ka gani ba."

"Zan ji. Silimar nan cike take da jikokin masunta. Ranar da aka ɗaure jirgi ban ji tsaki ba, na san aikinki ne."

Ya sunkuya ya lalubo wata leda a ƙarƙashin kujerarsa, ya tura mata. Tsohon gwangwanin biskit ɗin Mémère ne, murfinsa ya yi tsatsa.

"Ungo. Ya cika mini kabad."

Ta buɗe. Tikitoci ne, bibbiyu a maƙale. Ta zaro na ƙasa. Nata, goma ce katuwa da taurari kewaye. Ta juya nasa, babu lamba ko ɗaya. Ta karanta a fili.

"'Ta cusa kai cikin hannun rigata da dodo ya fito.'" Ta zaro wani. "'Haƙorin gaba ya faɗi, dariya na fita ta kafar.'" Wani kuma. "'Yau ba ta riƙe hannuna ba.'"

Na saman, na watan jiya, baƙaƙen manya ne a karkace, wasu sun hau kan wasu: *Na ji ta yi dariya sau uku.*

"Ina makin?"

"Da baki nake bayarwa. Wa zai ɓata biro a kan katun?"

"Wai kana ma kallon finafinan kuwa?"

"Da gefen ido, don in sami abin zagi. Tsakiyar kuwa a kanki take. Ita ce kuma ta ƙare. Kin ga kenan fuskar nan taki ce ta cinye mini ido."

Dariyar ta kufce mata tare da kukan, har mai kawo abinci ta leƙo ta koma. Tsohon ya ciro tikitin yau ya ajiye a tsakiyar tebur.

"Rubuta mini na yau. Hannuna ya gaji."

"Me zan sa?"

"Sa: ta yi kuka a silima, ta zo ta ƙara a kan kifi. Hanci ja kamar dafaffen lobsta."

"Ai ba ka ga hancina ba."

"Shekara ashirin da huɗu na san hancin nan."

Ta rubuta, ta haɗa da nata, ta jefa cikin gwangwanin.

"Talatar, ƙarfe nawa jirgin?" ya ce.

"Bakwai na safe." Ta share ido da bayan hannu. "Duk katun da na kalla a can zan kira ka in ba ka labarinsa. Har ƙullin."

"Zan ba shi uku."

"Wanda na zana da hannuna fa?"

Ya tauna kifinsa, ya haɗiye.

"Huɗu."

"Pépère!"

"To, biyar. Kar ki faɗa wa kowa. Miƙo gishirin."

Ta ɗauko kwalbar ta sa masa a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai, ba ta saki ba.