Ranar da Na Wanke wa Nasara Gahawa

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe tara da rabi ne na safiyar wata Talata. Na san haka ne don Kawu Habu da kansa ya faɗa tun kafin ya gama sallama a zaure: "Tara da rabi, Malam, ga shi ban ɗora komai ba!" Tun da ya kama aikin kuku a barikin Matameye ya koyi duba agogo, ya daina cewa hantsi kamar kowa. (Ni da na auna inuwata a tsakar gida na same ta ƙafa bakwai cif, amma tunda agogon na Nasara ne, mu bar shi a tara da rabi.)

Shekarata goma sha uku a lokacin. Mahaifina malami ne, kuma ni yake zaunarwa a bayan ƙofar zaure ina bin karatu. Na sauke, na shiga littattafai, rubutun ajamina kuma babu kankara a cikinsa. Magana ce dai ba ni da ita. Baƙo in ya gaishe ni, tabarma nake amsa wa. Kawu Habu ƙanin Inna ne, tun ina goye ya san ni, amma abin da ya taɓa ji daga bakina bai wuce "ina kwana" da "lafiya lau" ba.

Damuwar Kawu ta ubangidansa ce, wani Nasara, kumandan barikin, da mutanen gari ke kira Mai Lofe. Ran Alhamis zai shiga dajin da ke bayan Kurni farauta, kwana goma sha biyu, tare da Sarkin Baka da mutanensa. Wannan karon ya ce ba ya son jerin 'yan dako, su ke korar masa nama. Jaki biyu kawai za a tafi da su, na ɗaya tanti da harsashi, na biyu salkunan ruwa da duk abin da Kawu zai girka. Ita kuwa gahawa (shi Nasaran kafe yake ce mata) kayanta kaɗai sun isa jaki: ga buhu, ga kaskon suya, ga injin niƙa na ƙarfe mai hannu, ga butarta ta musamman.

"Akwai wadda ake ba sojoji, Malam," in ji Kawu, "an matse ta kamar sabulu, ba ta da nauyi. Na taɓa dafa masa, ya ce ɗanɗanon sirdi gare ta."

"Ya taɓa cin sirdi ne?"

"Ban tambaye shi ba. Akwai kuma ta kwalba daga kantin Damagaram, mai kauri kamar maɗi. Jaki in ya yi tuntuɓe sau ɗaya, to ni da kwalbar mun fashe tare."

Dabarar da ya tsayar ita ce ta uku. Ya riga ya soya 'ya'yan. A daka su, a ƙulle ta kowace safiya a ƙyalle daban, in an je daji ya tafasa a tukunyar da yake dafa komai, ya tace. Ba inji, ba kasko, ba buta. Sai dai turmin bariki ya sha barkono da albasa, shi ya sa ya zo wa sabon turmin Inna. Inna kuwa tana Ɗan Barto wurin haihuwar yayata, sai bayan suna.

"To wa zai daka?" in ji Kawu.

"Ga malamarku nan a bayan ƙofa," in ji Malam. "Hannunta ba ya kuskure."

Kawu ya ajiye buhun a gabana ya ƙirga mini da yatsu. In daka, in tankaɗe, in raba goma sha biyu, in ƙulle. Abu huɗu. "Kin gane, 'yar nan?" Na gyaɗa wa tabarma kai.

Da na tsaya a huɗun nan, da yau ba ni da labari. Amma ni ba na taɓa abin da ban bincika ba. Bayan ya fita na ɗauki ƙwaya ɗaya na tauna.

Ɗaci. Ɗaci har cikin kunne.

Na zauna na yi tunani, kuma har yau ina ganin tunanin a tsare yake. A shekarar yunwar da aka yi ina ƙarama, na ga yadda Inna ke gyara dilo, 'ya'yan anza. A jiƙa, a zubar da ruwan, a sake wani, a yi ta yi har ɗacin ya fita, sannan ya zama abinci. Wanda ya yi garaje ya ci haka nan, cikinsa ne zai ba shi labari. Shuwaka ma sai an wanke. Ban san abu ɗaya mai ɗaci da ake kai wa baki ba a fitar masa da ɗacin ba, in ba magani ba, Mai Lofe kuwa lafiyarsa lau. Saboda haka na gane abin da ke faruwa. Kawu namiji ne, a bariki ya koyi girki, babu macen da ta nuna masa. Shi kuma Nasaran baƙo ne, haƙuri yake yi yana sha kowace safiya don bai san abin yana gyaruwa ba. Wallahi tausayinsu na ji, su biyun.

(Barikin ba nisa. Sau biyu ina ɗaukar mayafi ina zuwa bakin zaure don in je in tambayi Kawu. Sai in tuna akwai gardi a ƙofar, kuma sai na buɗe baki na gaya masa wurin wa na zo. Sau biyu ina komawa ciki.)

Dilo kwanaki yake ci a ruwa, ni kuwa kwana biyu gare ni. Don haka na ɓarza 'ya'yan tukuna, na ɗora a wuta don abin ya yi sauri. Ruwan farko ya fito baƙi ƙirin, ƙamshi ya cika gidan har maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga tana tambayar wa ke turare da rana tsaka. Na zubar a bayan ɗaki. Tunkiyar Inna ta sha kaɗan, ta wuni tana zagaya turke. Wannan ma ya ƙara tabbatar mini cewa ruwan ba na sha ba ne. Na ɗauko takarda, kowane ruwa na rubuta launinsa da ɗanɗanonsa. A na bakwai ruwan ya fito kamar daga rijiya. Na tauna, babu ɗaci, babu komai ma.

Na shanya a kan rumfa, ranar bazara ta yi aikinta. Na daka, na tankaɗe. Da na gwada nauyinta da duwatsun da na auna ta da su tun farko, sai na ga ta ragu kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kawu sauƙin kaya yake nema, ga shi na samo masa ƙari. Ƙulli kuwa ban yi ba, ɗinki na yi, jakunkuna goma sha biyu, kowace da lambarta da jan zare. Na mayar da su cikin buhun da suka zo, wanda har lokacin ƙamshi yake.

Ran Alhamis da sassafe Kawu ya zo a gurguje. Ya ɗaga buhun, ya shinshina bakinsa. "Kai, har ta yi sauƙi! Malam, 'yar nan taka zinariya ce." Ina bayan ƙofa ina jin daɗi. Na yanke shawarar ba zan faɗi gyaran da na yi ba, tunda alherin da aka ɓoye ya fi lada.

Kwana huɗu suka yi suka dawo, ko zabo ɗaya babu.

Matar Kawu ce ta kawo labarin zaure tana kuka. Safiyar farko Kawu ya tafasa jaka ɗaya, ruwa ya fito kamar na wankin hannu. Ya ƙara ta biyu. Ya zuba huɗu a tare. A rana ta biyu ciwon kai ya kama Mai Lofe, ya auna barewa ya harbi suri. Yanzu ya ce Kawu ya sayar da gahawarsa ya cika jakunkunan da ƙonanniyar dusa, kuma jibi za a haɗa shi da mutanen da za a kai aikin hanyar Damagaram. Aikin tilas ke nan. Duk garin mun san yadda mutane ke dawowa daga can, waɗanda suka dawo ɗin.

"Habu bai ce a nan aka daka ba?" in ji Malam.

"Ya ƙi, Malam. Ya ce shi ya daka da hannunsa. Wai ba zai sa gardi ya taka ƙofar gidan yayarsa ba."

Na fito daga bayan ƙofa da takardata. Ban taɓa magana a zauren nan da mutane a ciki ba. Na ce, "Malam, ni ce." Ya karɓa ya karanta sau biyu, ya dube ni, ya sake duban takardar. Sannan ya ɗauki rawaninsa. "Ɗauko mayafinki."

Da la'asar muka isa bariki. Kawu yana zaune a rana, ba hula. Gardi biyu a tsaye. Sarkin Baka da mutanensa suna gindin gawo da karnukansu, suna jiran a sallame su. Mai Lofe yana kan kujerar zane, jiƙaƙƙen ƙyalle a goshi, lofen a hannu ba wuta. Malam ya yi bayani kaɗan, tafinta ya juyo gare ni.

"Kumandan ya ce ki yi magana."

Magana ba zan iya ba, amma karatu na iya. Na buɗe takardar.

"Ruwa na farko, baƙi ƙirin, mai ƙamshi, mai ɗaci ƙwarai. Na zubar."

Tafinta ya fassara. Mai Lofe ya cire ƙyallen daga goshinsa.

"Ruwa na biyu, baƙi, ɗaci da sauransa. Na zubar. Ruwa na uku, ja-ja."

Wani maharbi ya yi tari. A ruwa na huɗu Sarkin Baka ya dafe ƙirji. "Dilo! Na rantse dilo ta yi masa!" Shi ke nan gindin gawo ya kece. Wani ya kwanta a ƙasa, karnuka suka kama haushi, gardi ɗaya ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na ci gaba, don ban saba yanke karatu a tsakiya ba. Na kai har ƙasan takardar: "Ruwa na bakwai, fari tas. Ɗaci ya fita, alhamdu lillahi."

Kawu ya ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo 'yar nan! Ɗacin ai shi ake sha!"

A nan ne na ɗaga kai na dube shi, karo na farko a rayuwata. Na ce, "Da gangan?"

Wannan ta fi kowace ba su dariya. Tafinta, Allah ya yafe masa, har ita sai da ya fassara.

Mai Lofe bai yi dariya ba. Ya miƙo hannu na ba shi takardar. Ya riƙe ta a kife, ya sa aka tambaye ni me ya sa rubutun ya yi ja. Na ce tawadata ce ta ƙare ran Talata, sai na rage kaɗan daga ruwan farko na jiƙa ƙaro a ciki na yi rubutun da shi. Ya kai takardar hanci. Ya lumshe ido, ya daɗe a haka, har 'yan dariyar suka yi tsit. Sannan ya ninke ta ya sa a aljihu, ya tashi ya shige ciki. Bai ce a saki Kawu ba, bai ce kada a sake shi ba.

A hanya na tambayi Malam, "Za a kai shi?" Ya ce, "Dubi gabanki, akwai rami." Washegari Inna ta dawo daga Ɗan Barto, labarin ya riga ta zuwa can. Na tambaye ta ita ma. Ta ce, "Au, yanzu kika iya tambaya?" Mata a bakin rijiya kuwa sun riga sun raɗa mini suna, Ruwa Bakwai, kuma har yau akwai waɗanda ba su san wani sunana ba. Abin da na koya bai da yawa. Tambaya ɗaya na ji kunyar yi wa kawuna a ƙofar madafa, sai ga ni ina amsa ta a gaban Nasara da gardi da maharba da karnukansu. Tun daga nan in aka ba ni aiki huɗu, huɗu nake yi, in na biyar ya zo mini a rai sai in nemi wanda zan tambaya.

Ranar da za a tafi da 'yan aikin hanya, tun da gari ya waye na tsaya a ƙofar zaure. Sai ga Kawu, da hularsa, da sabon buhu a hammata. Ya wuce ni ya shiga har tsakar gida ya danƙa buhun a hannun Inna, ya riƙe har sai da ta kama da hannu biyu. Na bi shi.

"Kawu, an sake ka?"

Ya ci gaba da gaya wa Inna ta daka da kanta, ta ƙulle da kanta.

"Kawu, don Allah. Me ya ce?"

Ya juyo ya dube ni. "Ya ce in koma madafa. Wai ɓarawo in ya sace gahawa, sha zai yi ko ya sayar. Wanda zai ɓata kwana biyu yana wanke ta, ya zubar, ya kuma rubuta, to mai gaskiya ne." Ya gyara zaman hularsa. "Ya ce kuma in gaya miki, shi irinku ya fi tsoro."